Tallafin Raino da Sharaɗin Aiki a Amurka a Ma'aunin Ilmin Halitta

Gabatarwa

A ranar 22 ga watan Agusta na shekarar 1996, shugaban ƙasar Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya sa hannu a kan wata doka wadda ta sauya tsarin taimakon iyalai matalauta a ƙasar. Tun daga 1935 dokar Amurka ta tanadi kuɗin agaji ga uwar da ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai alhali ba ta da abin hannu, ba tare da an yanka mata wa'adi ba. Sabuwar dokar ta ce kuɗin gwamnatin tarayya ba zai wuce wata 60 ba a duk tsawon rayuwar mai karɓa, kuma lalle ne mai karɓa ya fita aiki ko ya shiga horon sana'a. To, da yake ba a shiga masana'anta ko kanti da goyo a baya, sai dokar ta tattara wasu tsofaffin shirye-shirye ta zuba su a asusu guda, wanda zai riƙa biya wa irin waɗannan iyaye kuɗin raino. Shi ma wannan tallafi an ɗaura masa sharaɗi: sai uwa ko uba na aiki, ko karatu, ko koyon sana'a, sannan a biya wa yaro wurin raino.

Bisa ga al'ada, 'yan siyasa da masana tattalin arziki ne ke muhawara a kan irin wannan batu. Sai dai wanda ake kaiwa wurin raino yau, a cire shi bayan wata huɗu don uwarsa ta rasa aiki, yaro ne wanda ƙwaƙwalwarsa ke tsakiyar ginuwa. Saboda haka ilmin halitta yana da ta cewa. Wannan maƙala za ta bayyana abin da masana suka gano game da buƙatun ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, sannan ta auna sharaɗin aiki da wannan ma'auni.

Jaririn ɗan Adam da nauyin rainonsa

Ɗan akuya kan miƙe tsaye ya nemi nono tun ranar da aka haife shi. Jaririn ɗan Adam kuwa sai ya yi wajen shekara guda kafin ya taka ƙasa da ƙafarsa, kuma ko bayan yaye yakan yi shekaru masu yawa bai iya ciyar da kansa ba. Idan aka kwatanta shi da birin nan cimfanzi, za a ga wani bambanci. Uwar cimfanzi ba ta yarda wani ya ɗauki jaririnta a watannin farko, ita kaɗai take ɗawainiyarsa, kuma takan yi wajen shekara biyar kafin ta sake haihuwa. Mace 'yar Adam takan sake haihuwa tun kafin wannan lokaci, alhali na farkon yana nan yana jiran a ba shi abinci.

Masaniyar nan 'yar Amurka, Sarah Hrdy, ta yi bayanin cewa abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne ɗan Adam halitta ce mai raino ta hanyar taimakekeniya. Binciken da aka yi a kan mutanen Efe na dajin Ituri a ƙasar Kwango ya nuna cewa jariri ɗan wata huɗu yakan yi fiye da rabin lokacinsa na rana a hannun waɗanda ba uwarsa ba. A wajen mutanen Hadza na Tanzaniya kuwa, Kristen Hawkes ta lura da yadda kakanni mata ke haƙo saiwoyi suna ciyar da jikokin da aka yaye. Mai karatu da ya tashi a gidan da ke da kaka da goggo da yayye bai buƙatar dogon bayani a nan. Abin lura shi ne, a irin waɗannan gidaje hannayen raino suna da yawa, amma fuskokin ba sa canjawa. Wadda ta goya yaro jiya ita ce zai gani gobe.

A Amurka ta yau, kusan kashi biyu cikin uku na uwayen da ke da yara 'yan ƙasa da shekara shida suna aiki ko suna neman aiki. Sau da yawa kaka tana wani gari mai nisa, ko ita ma tana nata aikin. Dokar tarayya ta 1993 ta ba wasu ma'aikata hutun haihuwa na mako 12, amma ba tare da albashi ba, don haka uwa matalauciya takan koma aiki tun jaririn yana ɗan makonni. Hannun da dangi kan bayar kyauta ya zama abin saye, kuma da tsada: a jihohi da dama, kuɗin rainon jariri na shekara guda a gidan raino ya fi kuɗin karatun shekara a jami'ar gwamnatin jihar.

Yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum yakan kai giram 1,300 zuwa 1,400. Ta jariri sabon haihuwa giram 350 ce zuwa 400, watau wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Kafin yaro ya cika shekara biyu ta kai wajen kashi uku cikin huɗu, kafin ya cika shida kuma ta kai kashi 90 cikin 100. Wannan gini yana cin abinci ƙwarai. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara biyar tana ƙona sukari kusan ninki biyu na abin da ta babban mutum ke ƙonawa.

Akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 a ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu da su ake haihuwar jariri. Abin da ke ƙaruwa bayan haihuwa shi ne rassan da ƙwayoyin ke fitarwa, da kitsen da ke lulluɓe su don saƙo ya yi sauri, da kuma mahaɗai, watau wuraren da ƙwaya ɗaya ke miƙa wa wata saƙo. Peter Huttenlocher na Jami'ar Shikago ya ƙirga waɗannan mahaɗai, ya tarar cewa ƙaramin yaro ya fi babban mutum yawansu. Ƙwaƙwalwa kan yi su da yawa fiye da buƙata, sannan ta bi tana tsinke waɗanda ba a amfani da su, kamar yadda manomi kan rage tsiron gero a rami ya bar masu ƙarfi. Abin da yaro ya gani, ya ji, ya taɓa, shi ke zaɓen mahaɗar da za ta rayu.

David Hubel da Torsten Wiesel na Jami'ar Harvard sun tabbatar da haka a shekarun 1960. Sun rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa a watannin farko na rayuwarsu. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma kyanwar ba ta gani da shi, domin ɗaya idon ya riga ya mamaye sashen gani na ƙwaƙwalwa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba ta makance ba. Wannan aiki ya samo musu lambar Nobel a 1981.

Haka abin yake a wajen harshe. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana iya bambanta sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara wannan baiwa ta ragu, kunnensa ya karkata ga harshen gidansu. Wannan ne ya sa ɗan Bahaushe ke rarrabe "bari" da "ɓari" ba tare da wahala ba, baƙo babba kuwa sai ya yi ta fama. A 2003 Patricia Kuhl ta ƙara wani abu muhimmi. Ta sa an riƙa yi wa jarirai Amurkawa 'yan wata tara magana da Sinanci, zama 12. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana wasa da su sun koyi bambanta sautukan Sinanci. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin, ko aka kunna musu muryarsu kawai, ba su koyi kome ba. Ashe ƙwaƙwalwar jariri tana buƙatar mutum mai rai wanda zai dube shi, ya amsa masa idan ya yi gwalantu.

Sinadarin kotisol da sauyin hannu

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ke fitar da sinadarin kotisol. Idan mutum ya firgita ko ya shiga damuwa, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo a zuba wannan sinadari cikin jini, ya tara wa jiki ƙarfin fuskantar haɗari. Wannan abu ne mai amfani idan na ɗan lokaci ne. Idan ya daɗe yana yawa kuwa, gwaje-gwajen dabbobi sun nuna yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tuna abu da kame kai. Jariri bai iya kwantar da wannan tsari da kansa ba. Babban da ya saba da shi ne ke kwantar masa da shi, ta hanyar ɗauka da rarrashi.

Ana iya auna kotisol a cikin yawu, don haka masana ba sa buƙatar huda yaro da allura. A wani bincike da aka yi a birnin Balin na Jamus aka buga a 2004, Lieselotte Ahnert da Megan Gunnar da abokan aikinsu sun bi yara 70 'yan wata 15 da aka fara kaiwa gidan raino. A kwanakin farko da uwaye suka fara tafiya suna barinsu, kotisol ɗinsu ya haura na gida da kashi 75 zuwa 100 cikin 100. Sannu a hankali yaro kan saba da mai rainonsa, kukan ya ragu. Ma'anar wannan ita ce kowane sabon wuri da kowace sabuwar fuska suna da farashin da jikin yaro ke biya. Biya sau ɗaya ba wani abu ba ne ga yaro mai lafiya. Matsalar ita ce a sa shi ya yi ta biya sau uku ko huɗu a shekara guda.

Iyakar wannan al'amari ta bayyana a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, an tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu, inda ma'aikaciya ɗaya ke kula da jarirai masu yawa, kuma ma'aikatan suna karɓa-karɓa. Daga shekarar 2000, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka bi yara 136 a birnin Bukares. An jefa ƙuri'a, rabinsu aka ba iyalai riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka ba riƙo sun fi 'yan'uwansu a gwajin basira, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika wata 24. Ya kamata a yi hattara a nan: gidan marayun Romaniya ya yi nisa ƙwarai da gidan rainon da yaro ke yini ya koma wajen uwarsa da yamma. Darasin da za a ɗauka kawai shi ne abinci da gado ba su isa ba, sai da wani babba tsayayye wanda yaro ya sani.

Tarihin tallafin raino a Amurka

Tun farko, gwamnatin Amurka ta fi buɗe baitulmali don raino a lokacin da take buƙatar hannun uwaye. A Yaƙin Duniya na Biyu maza sun tafi fagen daga, mata suka shiga masana'antun ƙera jirage da makamai. A ƙarƙashin dokar Lanham ta 1940, gwamnati ta tallafa wa gidajen raino daga 1943, yara fiye da rabin miliyan suka amfana. Da yaƙi ya ƙare, aka janye kuɗin a farkon 1946, yawancin gidajen suka rufe.

A 1965 gwamnatin Lyndon Johnson ta kafa shirin Head Start don shirya 'ya'yan matalauta shiga makaranta. Wannan shiri talaucin gida yake dubawa, bai tambaya ko iyaye na aiki. A 1971 Majalisar Dokoki ta zartar da ƙudurin kafa gidajen raino a faɗin ƙasar, inda kowa zai biya daidai ƙarfinsa, amma a watan Disamba shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na-ƙi, yana mai cewa shirin zai fifita rainon taron jama'a a kan na iyali. Sai a 1990 aka kafa asusun tarayya na tallafa wa iyaye ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, wanda dokar 1996 ta faɗaɗa. Ana taƙaita sunan asusun da CCDF. Ke nan ƙasar tana da tsari biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa: ɗaya an gina shi don yaro, ɗaya don aikin iyayensa.

Yadda sharaɗin ke aiki

Gwamnatin tarayya ce ke ba jihohi kuɗi, jihohi su ƙara nasu, su tsara yadda za a raba. Dokar tarayya ta ce yaro ya kasance bai kai shekara 13 ba, iyayensa suna aiki ko karatu ko horo, kuma abin da gidan ke samu kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na samun gidan da ke tsakiya a jihar. Alal misali, idan aka jera gidaje masu yawan mutane iri ɗaya daga mafi talauci zuwa mafi arziki, na tsakiyar yana samun dala 100, to wanda ya wuce dala 85 ya fita. Jihohi da yawa sukan sa iyakarsu ƙasa da haka. Galibi ana ba iyaye takardar biya su kai inda suka zaɓa, ko babban gidan raino, ko gidan wata mata mai rainon yara kaɗan, ko ma wajen dangi, su kuma su cika wani abu daga aljihunsu. Ga masu karɓar kuɗin agaji, ana ƙirga uwa a matsayin mai aiki idan ta yi awa 30 a mako, ko awa 20 idan ita kaɗai ce kuma tana da yaro ɗan ƙasa da shekara shida.

Masu goyon bayan sharaɗin suna da hujjoji masu nauyi. Kuɗin ba ya isa: ƙididdigar ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a ta Amurka ta sha nuna cewa wajen yaro ɗaya ne cikin shida da dokar tarayya ta yarda da su ke samun tallafin. Idan tuwo ya yi kaɗan, in ji su, wanda ba shi da mai riƙe masa yaro sa'ad da yake wurin aiki shi ya fi cancanta. Har ila yau aikin uwa yana kawo kuɗi gida, kuma talauci shi kansa maƙiyin ƙwaƙwalwar yaro ne. Daga 1996 zuwa 2000 yawan iyalai masu karɓar agaji ya ragu da kusan rabi, uwaye marasa aure da yawa suka shiga aiki, kodayake masana sun yarda cewa bunƙasar tattalin arzikin shekarun da rangwamen haraji ga masu ƙaramin albashi sun taka rawa babba.

Sai dai aikin talaka ba shi da tabbas. A ɗauka ga wata uwa mai aikin goge-goge a otal, da ɗanta ɗan shekara ɗaya da rabi. Ta samu tallafi, yaron ya yi makonni yana kuka har ya saba da mai rainonsa. Baƙi suka ragu, aka sallame ta. A tsohon tsari, tallafi ya yanke, gurbin yaron ya tafi ga wani. Yanzu tana neman aiki da yaro a hannu, kuma ba za a mayar mata da tallafi ba sai ta samu aikin. Idan ta samu, sai yaro ya fara daga farko a hannun wata baƙuwa. Akwai kuma wani tarko: ƙarin albashi kaɗan yana iya haurar da ita iyakar jiha, ta rasa tallafin da ya ninka ƙarin sau da yawa. Wani bincike da aka yi a jihohi biyar aka buga a 2002 ya tarar cewa rabin yaran da suka fara cin tallafin sukan fita cikin wata uku a jihar Oregon, cikin wata bakwai a Texas, sauran jihohin ukun suna tsakani. Idan aka ɗora waɗannan alkaluma kusa da binciken Balin, za a ga inda gizo ke saƙa.

Majalisa ta gyara wannan a 2014, a dokar da shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Nuwamba. Dokar ta ce idan an amince da yaro, tallafinsa ya tsaya aƙalla wata 12 ko da aikin iyaye ya ɗan tsaya ko samunsu ya ɗan motsa, muddin bai wuce iyakar tarayya ba. Jihar da ke son yanke tallafi don an rasa aiki gaba ɗaya, sai ta ba da aƙalla wata uku na neman wani. Dokar ta kuma wajabta binciken tarihin masu raino da horar da su kan lafiya da tsaron yara. Sharaɗin aiki yana nan a bakin ƙofa, amma an rage yadda yake fizge yaro bayan ya shiga.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Hanyar da ta fi inganci wajen gane tasirin wani shiri ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rukuni ɗaya abin, a bar ɗaya don kwatance. A garin Ypsilanti na jihar Mishigan, daga 1962 zuwa 1967, an yi haka da yara 123 'ya'yan baƙar fata matalauta a makarantar Perry: 58 suka shiga ajin share fage, 65 ba su shiga ba. Da aka bi su har suka kai shekara 40, waɗanda suka shiga sun fi yawan kammala sakandare da samun kuɗi, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. James Heckman, wanda ya ci lambar Nobel a fannin tattalin arziki a 2000, ya ƙiyasta ribar kuɗin da aka kashe da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara. Shirin Abecedarian na jihar Karolina ta Arewa, wanda ya fara a 1972 da yara 111, ya ɗauki nasa tun suna jarirai har shekara biyar, kuma waɗanda suka shiga sun fi yawan zuwa jami'a. A duka biyun, yanayin gidan yaro aka duba wajen ɗauka, malamai horarru ne, yara kaɗan ne a hannun kowace, kuma ba a fitar da yaro don aikin uwarsa ya tsaya.

Wannan ba ya nufin kowane raino alheri ne. Lardin Kwibek na Kanada ya fara raino mai rahusa na dala biyar a yini a 1997. Uwaye da yawa suka shiga aiki, amma binciken Michael Baker da Jonathan Gruber da Kevin Milligan na 2008 ya ga ƙaruwar fargaba da faɗa a tsakanin yaran. Masana da dama sun danganta hakan da saurin faɗaɗa shirin fiye da yadda za a iya samun wurare masu inganci. Babban binciken da cibiyar lafiyar yara ta gwamnatin Amurka ta fara a 1991 da yara 1,364 ya tarar cewa raino mai inganci yana tafiya da ɗan fifiko a harshe da tunani, yawan awoyi a manyan gidajen raino kuma yana tafiya da ɗan ƙarin rashin ji. Amma halin gida da yadda uwa ke amsa wa ɗanta sun fi duk waɗannan tasiri.

Shi kansa sharaɗin aiki an gwada shi. Cibiyar bincike ta MDRC ta tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama a 2001. Shirye-shiryen da suka tilasta aiki kawai, ba tare da kuɗin gida ya ƙaru ba, ba su canja karatun ƙananan yara sosai ba, ko ta wajen kyau ko ta wajen muni. Waɗanda suka haɗa aiki da ƙarin kuɗi su ne suka ɗaga ƙoƙarin yara a makaranta. Misali shi ne shirin New Hope na birnin Milwaukee, daga 1994 zuwa 1998, wanda ya nemi awa 30 na aiki a mako, ya kuma ba da cikon albashi da inshorar lafiya da kuɗin raino. 'Ya'yan waɗanda suka shiga, musamman maza, sun fi na rukunin kwatance a idon malamansu.

Hanyoyin wasu ƙasashe

Ingila ta raba abin gida biyu. Kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana da awa 15 a mako kyauta, na tsawon mako 38 a shekara, ko iyayensa na aiki ko ba sa yi. Daga Satumba 2017 aka ninka shi zuwa awa 30 ga 'ya'yan ma'aikata, daga Satumba 2025 kuma wannan awa 30 ta sauko har zuwa jarirai 'yan wata tara. Sharaɗin shi ne kowane ɗaya daga iyayen ya samu aƙalla kwatankwacin awa 16 a mako na mafi ƙarancin albashi, kada kuma ya wuce fam 100,000 a shekara. Masu suka sun nuna cewa ta haka ɗan gidan da babu mai aiki, wanda bincike ya nuna shi ya fi amfana da raino mai inganci, shi ke samun awoyi mafi ƙaranci. A Suwidin, tun 2001 ɗan wanda ya rasa aiki yana riƙe gurbinsa aƙalla awa 15 a mako. A Jamus kuwa, tun Agusta 2013 doka ta ba kowane yaro da ya cika shekara ɗaya haƙƙin samun gurbi, kodayake a wasu birane guraben ba sa isa.

Kammalawa

Ilmin halitta ba zai iya yanke wa majalisa yawan harajin da za ta karɓa ko wanda za ta fara ba wa tallafi ba, domin wannan hukunci ne na adalci da na aljihu. Abin da zai iya yi shi ne ya faɗi abin da yaro ke buƙata: babba mai amsa masa, wanda ya sani, kuma wanda zai daɗe tare da shi a shekarun da mahaɗan ƙwaƙwalwarsa ke tsira suna tsinkewa. Shaidar da ke hannu ta nuna cewa aikin uwa shi kaɗai bai cutar da yaro ba, kuma yana amfanarsa idan ya kawo ƙarin kuɗi gida. Haɗarin yana cikin raino mara inganci, da kuma tsarin da ke sa gurbin yaro ya riƙa ɓacewa duk lokacin da aikin iyayensa ya girgiza. Ana iya sallamar ma'aikaciya yau ta samu wani aiki bayan wata biyar, amma wata biyar a rayuwar ɗan shekara ɗaya da rabi ya fi rubu'in duk abin da ya yi a duniya. Gyaran 2014 a Amurka da tsarin Suwidin sun nuna cewa ƙasa tana iya ƙarfafa wa iyaye gwiwar yin aiki ba tare da ta ɗora wa yaro biyan farashin rashin tabbas ɗin aikin ba. Duk mai son auna wani shirin tallafin raino, bayan ya tambayi iyaye nawa suka shiga aiki, ya kamata ya tambayi hannu nawa yaron ya bi a cikin shekara, da kuma yara nawa ke hannun kowace mai raino.